Mai Riƙon Igiya

Tajaye, 9 ga Nuwamba 2003

Zuwa ga babban yaron gidana da ke Tamanrasat.

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa cike da taiki, da fatan kana lafiya. Innarka lafiya lau, sai faɗa da ta ƙara. Ƙanwarka Basira ta samu sartifika ta gama firamare, ta wuce ubanta da aji biyu, yanzu ita ke duba mini rubutu tana dariya. Ni ma lafiya, ban da gwiwar hagu da ta ajiye aiki ba ta sanar da ni ba. Hatsi ya yi daidai gwargwado.

Takardarka ta iso ta hannun Mumuni direba. Ya ce in na ba da amsa in sa sunanka a bayan ambulan, na ce Basira ta sa. Shekara ashirin da shida ban kira sunan ɗan fari ba, ba alƙalami ne zai sa in fara ba.

Hoton da ka aiko ya zagaye Tajaye har ya yi laushi. Ga ka can maƙale a jikin dutse kamar ƙadangare, ga wani mai gemu bisa kanka. Innarka ta juya shi ta ce a kwance kuke, mai ɗauka ne ya karkace.

Ka ce mai gemun Balarabe ne, sunansa Lahadar, aikinsa hawan duwatsu, kai kuma ka shiga hidimarsa. Na karanta wurin sau uku, na zaci karatuna na aji huɗu ne ya ci amanata. Ni Labbo, shekara talatin da biyu ina gangarawa cikin ƙasa, daga nan har Alela har bayan Malbaza, kuma duk rijiyar da na fito na bar wa mutane ruwa. Shi wanga in ya kai can bisa, mi yake bar wa mutane? Ka tambaye shi. In kanwa ake samowa, a aiko mana.

Amma tunda ka ce igiya kake riƙe masa, wannan kam aikin gidanmu ne. Ka san ƙa'ida. Ja ɗaya, sassauta. Ja biyu, ɗauke guga. Ja uku, fitar da ni. Mai bakin rijiya ba ya amsa sallama, ba ya waiwaye, ba ya tashi sai na ƙasa ya fito.

Innarka ta ce in tambaye ka yaushe za ka zo. Ni dai ban tambaya ba.

Labbo mai rijiya

*

Tamanrasat, 22 ga Fabrairu 2004

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gai da Inna da Basira. Ina lafiya. Allah ya ba gwiwa sauƙi.

Ga yadda na haɗu da shi. Ina yasar rijiya a wani gidan baƙi inda ya sauka, sai ya tsaya yana kallon ƙullin da na yi wa igiya a ƙuguna. Da na fito ya sa na kwance na sake ƙullawa sau biyu. Ya tambayi wanda ya koya mini, na ce ubana. Ya ce to ubanka mai hawan dutse ne, bai dai sani ba.

Mutumin Satif ne, can arewa, shekararsa arba'in da huɗu, mushe ne, wato malamin makaranta, mai koyar da lissafi. Da fuka aka haife shi. Gidansu bene ne hawa uku, kuma har ya kai shekara goma uwarsa ke goya shi ta hau da shi, don in ya taka matakala biyar sai numfashi ya sarƙe. Yana ɗan sha tara ya hau dutsen farko a ɓoye. Yanzu ya hau Tahat, babban dutsen nan kusa da mu, sau goma sha ɗaya. Ya hau Tubkal na Maroko cikin tsananin sanyi, ya hau Kilimanjaro, ya hau wani a Amurka ta Kudu inda ya kwana goma sha shida a hanya.

Na karanta masa tambayarka, ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce in gaya maka: "Ba na barin komai a can. Ina zuwa ne in yi numfashi inda aka ce ba zan iya ba." Amma ni na ga abin da yake bari. Duk dutsen da ya sauko, sai ya ɗauki hotuna ya tafi wurin yara masu fuka a likita, ya zauna a gadonsu yana nuna musu. Ƙa'idarka ta igiya kuwa ya rubuta ta a littafinsa, kuma da ita muke aiki yanzu.

Akwai abin da ban gaya muku ba. Bara an kwashe baƙi marasa takarda aka kai mu bakin iyaka, ina ciki. Shi ya biyo mu da motarsa, tafiyar yini guda cikin sahara, ya tsaya mini har aka bar ni na dawo. Shi ya nema mini fasfo.

Baɗi yana so ya hau wani dutse a ƙasar Nepal. Na auna maka da gaba yadda za ka gane: gaba dubu huɗu da ɗari biyar. Ya ce ba ya zuwa sai da ni. In mun sauko zan zo gida, in sha Allah. A gaya wa Inna haka.

Ɗanka, Lurwanu

*

Tajaye, 30 ga Oktoba 2004

Zuwa ga mutumin dutse.

Muna lafiya, mun gode Allah. Innarka na ɗan tari, ta ce hayaƙin kara ne, na ce yawan magana ne.

Fara ta sauka mana bana, ta ci gonar gabas har kara. Ta wajenku ta fito, don haka ka gaya wa Balarabenka ya riƙa tsare dabbobinsa. Mun rama kaɗan, mun soya wasu.

Gaba dubu huɗu da ɗari biyar. Rijiyata mafi zurfi gaba talatin da ɗaya ce, kuma har yau in na wuce ta sai na gyara hula. Na faɗa a majalisa, Yari mai shayi ya ce ko dai ɗanka maƙaryaci ne ko ubansa. Na ce ɗan dai ba ya ƙarya.

Maganar yaran nan masu fuka ta shige ni. To, na janye. Ashe shi ma yana barin ruwa, nasa iri. Kuma mutumin da ya bi ka cikin sahara ya karɓo ka ya zama ɗana, ko da gemunsa ya fi nawa. Ka gaishe shi, ka ce tsohon nan mai shiga rami ya sara masa.

Saura kai. Ka riƙe shi da kyau. Wanda ka saukar, kai ke fito da shi. Ni ban taɓa barin mutum a rami ba, kowa ya sani daga nan har Konni. In ka kuskura ka dawo ba ka mai da shi gidansu ba, ka zarce Illela, kada ka tsaya ƙofata, ba ni da tuwon ba ka.

Innarka ta ƙulla maka yaji da kilishi, in Mumuni bai cinye a hanya ba.

Labbo

*

Katmandu, 20 ga Yuni 2005

Baba,

Ina gaishe ku duka. Ina da rai. Wani ɗan'uwa musulmi ne ke riƙe mini takardar, don hannuna na hagu a naɗe yake.

Lahadar ya kai bisa. Ranar ashirin da ɗaya ga Mayu ya taka kan dutsen, shi da mutum biyu 'yan ƙasar. Ni ina zangon ƙarshe ina jira, don numfashina bai kai can ba. Ya sauko yana dariya, leɓensa duk ya tsage. Ya ce in rubuta maka cewa ya duba ko'ina, babu kanwa.

Kwana biyu bayan haka muna gangarowa ta wani fili na ƙanƙara, igiya ɗaya a ƙugunmu, shi gaba ni baya. Ƙanƙarar can tana tsagewa, sabuwa ta rufe bakin tsagar, ba ka gani. Rijiya ce, Baba, sai dai ba wanda ya gina ta. Ina kallonsa ƙasa ta buɗe ya tafi. Na faɗi na kafa ƙarfen hawana cikin ƙanƙara, na tsai da shi.

Na kira, ba amsa. Can sai na ji a hannuna. Ɗaya, biyu, uku.

Na ja. 'Yan ƙasar sun zo mun ja tare. Igiyar ta ci bakin tsagar ta nutse cikin ƙanƙara, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ɗayansu ya sauka da tasa igiyar, ya dawo ya ce ramin ya matse, Lahadar ya cushe can ƙasa inda mutum ba ya kaiwa. Na cire safar hannu don in ji shi da kyau. Ya ƙara ja uku sau ɗaya. Daga nan shiru. Iska ta taso, suka ce in mun ƙara sa'a ɗaya duk mun mutu. Na ce ba na tashi. Su suka yanke igiyar daga ƙuguna, suka ja ni kamar buhu.

Sanyi ya ci yatsuna biyu, an cire su.

Ba zan zo bana ba. Ba a hawa yanzu sai damina ta wuce, kuma hannun sai ya warke. Na samu wankin kwanoni a wani gidan abinci kusa da masallaci. Baɗi zan koma in fito da shi, in kai wa yayarsa a Satif ta binne shi kusa da uwarsu. Ni na saukar da shi. Ka riga ka gaya mini abin da ya kamata.

Ku yi masa addu'a.

Lurwanu

*

Tajaye, 14 ga Oktoba 2005

Zuwa ga babban yarona.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Takardarka ta yi wata uku da rabi a hanya, ta bi ta Tamanrasat kafin ta zo. Mun yi masa addu'a a masallacin Juma'a. Liman ya tambayi sunan ubansa, na ce a sa Labbo.

Mu muna nan. Shekarar ta yi wuya, mun ci anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci, har muka fara yabonta, amma sabon hatsi ya shigo. Innarka tarin ya ɗan rage ta, ta koma siririya kamar ranar da aka kawo ta, har ina tunanin sake biyan sadaki. Ta ce in gaya maka tana lafiya. To, na gaya maka.

Maganar yatsu, kada ta dame ka. Takwas sun isa cin tuwo. Yari yana da goma cif, ban ga abin da ya tsinana da su ba.

Waya ta iso Illela, kowa na yawo da ita a kunne kamar mai ciwon haƙori. Basira ta ce a nemi lambar inda kake. Na ce kunnen da ya sha ƙasar rijiya shekara talatin ba zai ji Nepal ba.

Ɗakinka na nan, awaki ba su shiga ba. Innarka na share shi duk Juma'a, ban san dalili ba. Ni dai ba ni da abin cewa. Allah ya tsare.

Labbo

*

Katmandu, 12 ga Maris 2006

Baba,

Na samu takardarka. Hankalina ya kwanta da na ji Inna lafiya kuma hatsi ya shigo. Hannu ya warke, ina riƙe igiya da shi.

Na buɗe ta ina tsoron za ka ce in dawo, don da ka ce, ban san yadda zan yi ba. Na gode da ba ka ce ba. Na san kai za ka gane ko kowa bai gane ba.

Wata mai zuwa zan bi wasu masu hawa a matsayin ɗan dako, sun yarda su tsaya mini yini biyu a wurin. In ban same shi bana ba, akwai baɗi.

Lurwanu

*

Tajaye, 3 ga Yuli 2006

Assalamu alaikum.

Wagga takarda Basira ba ta duba ta ba, don haka in ka ga harafi ya kwanta, ka tashe shi da kanka.

Innarka ta rasu ranar Talata, tara ga Mayu, bayan la'asar. Mun kai ta likita Konni tun cikin Afrilu, suka ce huhu ne kuma an makara. Ta ce a mai da ta gida. Ba ta sha wuya sosai ba a ƙarshe. Lokacin da na rubuta maka cewa ta koma siririya, ba ta iya ɗaukar tulu. Ita ta ce in ce tana lafiya, amma ni na ƙara da wasa, don shi kaɗai na iya. Waccan takarda sau uku ina rubuta "ka zo gida" ina yagewa. Na ce a raina yaron nan zai gane daga maganar ɗaki. Ashe wanda aka raina da wasa ba ya sanin ranar da aka daina.

Kwana biyu kafin ta cika ta kama rigata ta ce: "Ka gaya masa maganar Badaru. In ba ka gaya masa ba, ban yafe ba." To ga ta.

Na ce maka ban taɓa barin mutum a rami ba. Ƙarya na yi.

Badaru ɗan ƙanen ubana ne, tare aka yi mana kaciya, tare aka kore mu daga lakwal, makarantar boko. Shekarar da kake goye, muna ginar rijiya a Alela, shi a ƙasa ni a baki. A gaba goma sha bakwai muka tarar da rairayi. Na ce mu dakata a kawo siminti, ya ce saura kaɗan, yana jin sanyin ruwa a ƙafarsa. Ban matsa ba. Da hantsi bango ya zube masa.

Ya ja uku. Har yau in na kama igiyar guga ina jin ta. Na ja, mutanen gari suka ja, igiyar ta ƙi. Na sauka da dagi, in na kwashe kwando ɗaya biyu su zubo. Yini biyu muna haka, har bango ya fara zubowa bisa kaina. Dattawa da liman suka ce a bari, kada ɗaya ya zama biyu. Ni ba wanda ya ja ni kamar buhu. Da wuƙata na yanke igiyar, da hannuna. Muka cike ramin, aka yi masa salla a bisansa. Ka san tudun nan gindin gawo, hagu da hanyar Alela, wanda na ce maka rijiya ce da ta ƙi ba da ruwa. Shi ne.

Na zauna a wurin kwana shida. Ran kwana na bakwai uwarsa Zara ta zo da ƙwaryar fura ta ajiye gabana. Ta ce nata ɗan Allah ya riga ya yi masa kabari, ni kuma ina da mata da jariri a Tajaye, in sha in tashi. Na sha, na tashi. Daga nan na zama mai ban dariyar gari, don in mutane na dariya ba sa tambaya.

Ƙa'idar da na koya maka gaskiya ce, amma rabinta na ba ka. Sauran rabin shi ne akwai ranar da ƙasa ke riƙe nata, mai igiya ya tashi ya koma wurin masu rai. Na ɓoye wannan don ina so ka ɗauka ubanka wani abu ne. Ga abin da ya jawo: uwarka ta tafi tana kallon ƙofa.

Lahadar ya yi numfashinsa inda ya so. Ka riƙe shi har yatsunka suka mutu, ni ko ƙumba ban rasa ba a kan Badaru. Wanda ya yi masa wancan kabari ya fi ka sanin inda yake. Maganar da na yi cewa ka zarce Illela, na tofar da ita. Ƙofa ko kyaure ba ta da shi yanzu, iska ta cire.

An sa ranar Basira bayan kaka, za a kai ta Malbaza. Daga nan sai ni da awaki. Gwiwa ta dama ta bi 'yar'uwarta. Na gwada yi wa kaina wasa, ba ya ci.

Lurwanu. Ka ga na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba. Lurwanu, yanzu ni ne a ƙasa, kai ne a baki. Na ja uku.

Ubanka

*

Tamanrasat, 18 ga Oktoba 2006

Baba,

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ban iya rubuta fiye da haka a kanta yanzu ba.

Na je wurin a watan Mayu. Ƙanƙarar tana tafiya a hankali kamar gulbi, tsagar ta rufe, ko alamarta babu. Yini biyu ina soka sanda. Ranar da Inna ta cika ina can ina soka sanda. Na sauko na koma wankin kwanoni da niyyar baɗi, sai takardarka ta zo.

Na kai wa limamin masallacinmu, muka yi wa Lahadar sallar da ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba, mu goma sha ɗaya. Na biyo ta Satif. Na ba yayarsa littafinsa da hoton da 'yan ƙasar suka ɗauke shi a bisa, ta ce za ta kai wa yaran likita da kanta. Ta sa mini abinci, ta zauna har na cinye, sannan ta ce in tafi gida.

Ina jiran takardar ƙetare iyaka, sun ce kwana biyar. Mumuni zai tashi gobe, shi ya sa wannan za ta riga ni. In na zo ka raka ni wurin Inna, sannan mu je gindin gawon nan na Alela. Zan nemo amalanke saboda gwiwa. Kyaure kuma a bar mini shi.

Na ji ukun, Baba. Ka riƙe da kyau, ina ja.

Ɗanka, Lurwanu